Bokitan da Aka Wanke a Yangoji

Duk shekara idan aka turo mana ɗaliban jami'a koyon aiki, ranar farko da dariya suke shigowa ɗakina. Ana ce musu ga Malam Ɗahiru mai kiwon sauro, sai wannan ya dubi wancan. Bana ma wata ta kasa riƙewa, ta ce, "Baba, sauro har sai an kiwata shi? Ku zo unguwarmu ku kwasa kyauta mana." Na miƙa mata tiyon zuƙa na ce to 'yata, kamo mini guda daga kejin nan, mace, da ranta, kada ƙafarta ta karye. Ta kafa baki ta ja iska kamar mai shan kunu da zafi, ta fito mini da gawa. Kallon kitse kuke wa rogo, yara. Ku nemi wuri ku zauna in gaya muku yadda aikin yake.

Ni da ga-ruwa na shigo Abuja. Daga wani ƙauye ta wajen Bichi na zo, ina tura kura da jarkoki, ina kwana a wani kango kusa da cibiyar binciken nan, tun kafin in yi iyali in koma Orozo. A cikin masu sayen ruwana akwai wani dattijo mutumin Filato, Oga Bitrus, mai tsirfa kamar me. Ruwan rijiya yake so, ban da na famfo, kuma a jarkar da ba ta taɓa ganin sabulu ko kalanzir ba. Sai ya shinshina bakin jarka kafin ya karɓa. Rannan na gaji na ce, "Oga, wai wane babban mutum ne ke shan ruwan nan?" Ya ce, "Zo ka gaishe su." Ya buɗe ƙofa, zafi da danshi suka buge ni, na ga faranta jere cike da tsutsar sauro tana wutsil-wutsil, ga kejuna a kan kantoci. Daga ranar na fara ɗan taya shi juye ruwa, har aka ɗauke ni aiki.

Oga Bitrus ba ya koyarwa da baki sosai, sai dai ya kore ka ka gane da kanka. Juma'ar farko na dawo daga masallaci na sha turare, ya tare ƙofa ya ce, "Kai Ɗahiru, ka zo kana ƙamshi kamar ango. Koma ka yi wanka, ka canza riga." A wurinsa na koyi cewa mai wannan aiki ba ya shafa turare, ba ya shiga da rigar da ta kwana a hayaƙin maganin sauro, ba ya taɓa gidan sauro mai magani da safe sannan ya zo ya sa hannu a keji. Na koyi niƙa abincin kifi ya yi laushi in barbaɗa wa tsutsa kaɗan, don in ya yi yawa ruwan ya ruɓe su mutu. Na koyi jiƙa auduga da ruwan sukari, da sa ƙafafun kanta a cikin kwanon mai saboda tururuwa, da aske cikin zomo a kwantar da shi kan keji matan su sha jini su yi ƙwai. Namiji ba ya cizo, shi sukari ya ishe shi, kuma da gashin bakinsa ake gane shi. Oga Bitrus ya yi ritaya ya koma gida ya bar mini ɗakin, Allah ya ba shi lafiya.

Sauro iri biyu muke riƙewa, kuma a nan ne kan aikin yake. Akwai 'yan gida, waɗanda kaka da kakanninsu a keji aka haife su, ba su taɓa shaƙar magani ba. Su ne ma'auni. In aka ɗora su a kan gidan sauro mai magani suka zube, an san maganin yana nan da ƙarfinsa. Akwai kuma 'yan daji, waɗanda muke ɗebo tsutsarsu daga kududdufai mu raine su har su yi fiffike. Masu bincike su ne kwastomomina. Wani zai zo ya ce mata yake so 'yan kwanaki kaɗan da ba su taɓa shan jini ba, wata ta ce matattu take so za ta niƙa su ta sa a na'ura ta duba halittarsu. Daga irin wannan niƙan ne aka gano a 'yan shekarun nan cewa jikin sauron daji ya koyi narkar da gubar da ake sa wa gidan sauro, har aka fito da sabon iri mai magani biyu. Amma abin da aka gani a wata ƙasa ba shi ne na garinku ba, dole a gwada sauron kowane yanki da kansa.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda ruwa ya ɗauke da wuri. Dakta Hauwa, wadda ke shugabantar sashenmu, ta kira ni ofis ta ce mutanen Yangoji suna ta kuka, wai suna kwana a gidan sauro amma zazzaɓi bai bar yaransu ba. Ta ce, "Malam Ɗahiru, masu raba gidan sauro za su zauna kafin ƙarshen shekara su yanke irin da za a kai yankin Kwali. In ba mu da sakamako a hannu, tsohon za su sake kaiwa. Ku samo mini sauron Yangoji." Na ce an gama, ranki ya daɗe. Sai dai motar cibiya tana kwance a Apo, kullum bakanike ya ce gobe. Na yi zaryar garejin nan har yaransa suka san ni. Ɗaya ma ya jawo mini tsohuwar taya cike da ruwa ya ce ga tsutsa nan in ɗiba in huta. Na ce masa na gode, wannan mai zane ne mai cizon rana, ba shi ke kawo maleriya ba. Kafin motar ta tashi, sama ta bushe.

Ni da Sunday direba muka isa Yangoji da sassafe ranar wata Juma'a. Muka gaida mai unguwa, muka faɗi abin da ya kawo mu, ya ce Allah ya ba da sa'a. Duk kududdufin da na sani na je, ƙasa ta tsage. Sauron maleriya ɗan gayu ne, ba ya ƙwai a kwata, ruwa mai haske yake so wanda rana ke dukansa. Can ƙasan wata gonar shinkafa na samu ɗan sauran ruwa a sawun shanu. Na tsuguna ina fuskantar rana, don in inuwarka ta faɗa kan ruwan sai su nutse su bar ka da jira. Ludayi a hannun dama, bututun ɗiga a hagu, ina tsamo su ɗaya bayan ɗaya, masu kwanciya a miƙe a saman ruwa kawai, masu rataya da kai ƙasa in mayar. Ban miƙe ba sai da aka fara kiran salla, gwiwoyina kamar ba nawa ba, amma bokitanmu sun yi albarka. Na ce wa Sunday wannan ya ishi Dakta har da ragi.

Rana tana kashe tsutsa a cikin mota, saboda haka muka ajiye bokitan a inuwar wani mangwaro a ƙofar gidan farko na bakin gari. Mun yi sallama ba kowa, duk suna gona. Na rufe su da yadi mai ƙofofi, na tafi masallacin bakin titi, Sunday ya tafi neman abinci.

Da muka dawo na hango bokitan a kife a kan wani dutse suna ƙyalli. Ɗaya a tsaye, cike da ruwan rijiya garai-garai, ga ƙwaryar dafaffiyar gyaɗa a gefe. Ƙasan mangwaron a jiƙe take, kaji suna ta tsattsaga. Wata dattijuwa ta fito tana goge hannu a zani, fuskarta cike da fara'a.

"Sannunku baƙi," ta ce. "Na ga ruwanku ya yi datti, har da tsutsa a ciki. Yaya za ku sha wannan a ƙofar gidana? Mutane za su ce Talatu ba shi da kirki. Na sa sabulu na wanke muku tas."

Sunday ya ɗora hannu a ka. "Mama, kin kashe mu! Wannan dattin shi ne aikin fa. Oga, wahala dey o."

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma matar nan daga gona ta dawo a gajiye, ta ja ruwa a rijiya ta wanke kayan mutanen da ba ta sani ba, don a garinsu baƙo ba ya barin ƙofarka da ƙazamin kwano. Ba a yi wa mai alheri tsawa. Na zauna a kan dutsen na ɗebi gyaɗar na ci, sai da zuciyata ta sauka sannan na yi mata bayani: tsutsar nan 'ya'yan sauro ne, za mu raine su mu ɗora su kan gidan sauro mu ga ko har yanzu yana kashe su.

Fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta jawo kujera ta zauna ta ce, "Malam, za ku iya sani? Ko gidan sauro yana kashewa ko ba ya kashewa?"

Na ce shi ne aikinmu.

Sai ta ba ni labarin jikarta Godiya. Uwar yarinyar tana aikatau a cikin gari, ita Mama Talatu ke kwana da ita. A damunar da ta wuce zazzaɓi ya kama yarinyar, kafin a kai ta asibiti ta fara jijjiga, ba ta dawo ba. A asibitin wani ya tambaya ko ana sa ta a gidan sauro, ya ce ai tsofaffi ba sa iya ɗaurawa daidai. A kunnen ɗanta Yohana, uban yarinyar, aka faɗi wannan. Tun daga ranar yake wucewa ta ƙofarta zuwa gona ba ya gaishe ta.

"Kullum ina ɗaura shi," ta ce. "Kullum ina cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Da safe in ga sauro ya zauna a kai, cikinsa ja, bai mutu ba. Na faɗa, babu wanda ya yarda."

Na ce mata gaskiya, Mama, amsar tana cikin ruwan da kaji suke sha yanzu. Muka koma gonar shinkafar da gudu, ita a gaba. Garken shanu ya riga mu, sawun nan duk sun zama taɓo.

A nan ne za ku gane ko mutum ɗan sana'a ne. Sunday ya ce mu juya, a rubuta cewa ruwa ya ɗauke, ai ba ƙarya aka yi ba. Na ce ba zan shiga Abuja da bokiti wayam ba. Na kira Dakta Hauwa na faɗa mata komai. Ta ce, "Ku zauna har ku samu. Maganar mota ku bar mini, ni zan ji da ofis." Mai unguwa ya ba mu ɗakin baƙi. Bokitan kuwa sun tashi daga aiki, don ko ɗan santsin sabulu ya rage, tsutsa ba ta iya rataya a saman ruwa ta sha iska. Mama Talatu ta shiga ɗaki ta fito da sababbin tukwanen ƙasa da ta gina za ta kai kasuwa, ba su taɓa ganin kumfa ba. Muka ɗauraye su da ruwan rafi.

Da ɗan gari akan ci gari. Ni kududdufan bakin hanya na sani, ita kuwa ta san duk inda ruwa ke ɓuya da kaka, don rabin rayuwarta a nemansa ya tafi. Ta kai ni ramin da suke haƙar yumɓu, ta kai ni inda masu bulo suka bar kwatami, ta kai ni cikin rafi inda mata ke tona yashi ruwa ya tsattsafo. Wani wurin mu tarar da talibambam kawai, wani wurin tsutsa 'yar kaɗan. Na nuna mata yadda ake tsayawa kada inuwa ta faɗa, da yadda ake bambance mai kwanciya da mai rataya. Washegari ta zo da maƙwabtanta mata, kowace da ludayin miya, na sa suka ajiye na ba su ƙoƙuna sababbi. Idon Mama Talatu ya fi nawa gani, in faɗi gaskiya, sai dai hannunta yana rawa, ni nake tsamowa ita tana nunawa. Kwanakin da muka yi a rafin nan fatar wuyana sai da ta saɓule. Abin da muka tara bai kai rabin wanda aka zubar ba.

Da za mu tafi ta naɗa wa kowace tukunya gammo don kada ta girgiza. Ta riƙe ƙofar mota ta ce, "Ko mene ne kuka gani, ka zo ka gaya mini da bakinka. Ko ni ne da laifi, ka faɗa." Na ce in Allah ya yarda. Sunday bai taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, manyan motoci suna ta danna mana ham tun daga Kwali har Gwagwalada, ni ina baya rungume da tukunya.

Ban taɓa rainon sauro da tsoro irin wannan ba. In suna da yawa, mutuwar kaɗan ba ta dame ka, amma waɗannan kowace guda da lissafinta. Na raba su faranta da yawa don kada manya su cinye ƙanana. Wuta ta ɗauke, injin danshi ya tsaya, na dinga jiƙa tawul ina lulluɓe kejuna. Asabar da Lahadi ma daga Orozo nake tasowa, matata tana cewa ko 'ya'yana ban yi wa wannan hidimar ba. Da suka yi fiffike na ware matan da tiyo a hankali, na kai wa Dakta Hauwa. Ta duba ta ce sun yi kaɗan amma za su isa, muddin ba a yi kuskure ba, don babu na maimaitawa.

Gwajin kansa ba shi da wani kwarjini, shi ya sa kuke raina shi. Ana yanko ƙyallen gidan sauro sabo fil daga leda, a shimfiɗa a kan allo, a kifa masa ɗan mazurarin roba, in hura sauro ciki su taka shi na 'yan mintoci, in zuƙo su in zuba a kofi da audugar sukari, a jira gobe. Muka fara da 'yan gida a kan tsohon irin. Kafin in gama rufe kofunan sun fara faɗuwa, washegari ko ɗaya ba ta motsi, ke nan maganin lafiyarsa ƙalau. Sai 'yan Yangoji a kan ƙyallen nan dai. Suka zauna a kai suna goge ƙafafu. Da safe na ɗaga kofi, yawancinsu suka tashi suna kuka a kunnena. A kan sabon irin kuwa da farko na karaya, don su ma ba su faɗi nan take ba. Dakta ta ce, "Ku yi haƙuri, Malam, wannan a hankali yake ci." Haka kuwa aka yi, kullum na leƙa sai in tarar da gawa ta ƙaru a gindin kofi, har suka kusa ƙarewa.

Dakta Hauwa ta kai sakamakon inda ake kaiwa, kuma a rabon da ya biyo baya sabon irin ne ya je yankin. Ban ce mu kaɗai muka sa ba, akwai masu aiki irin namu a wurare da yawa. Kuma kada wani ya fita daga nan ya ce Baba ya ce a yar da gidan sauro. Ko tsohon ne shamaki ne, ya fi babu nesa ba kusa ba. Abin da ya rasa shi ne kisa, saboda haka in yaro ya jingina hannu da shi cikin barci, ko ya sami ɗan huji, sauro zai sha ya tashi lafiya ya dawo gobe.

Ni ban jira wancan zaman nasu ba. Asabar ɗin da ta biyo na shiga motar haya na sauka a Yangoji. Na tarar da Mama Talatu a gindin mangwaro tana ɓarar gyaɗa. Muka gaisa, ta kawo ruwa. Na ce, "Mama, ni ba likita ba ne, kuma rai na Allah ne. Amma abin da na gani da idona zan faɗa miki. Sauron garin nan ya zauna a kan gidan sauro sabo, ya tashi da ransa. Abin da kika ce kin gani, haka yake."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Tsaya," ta ce. "Kada ka faɗa mini ni kaɗai."

Ta miƙe ta bi hanyar gona da sauri. Can sai ga ta ta dawo, wani dogon mutum yana biye da ita daga nesa da lauje a hannu, ya tsaya a bakin inuwar bai shigo ba. Ta ce, "Wannan Yohana ne. Malam, sake faɗi."

Na sake faɗi, tun daga 'yan gida har 'yan daji, ban rage ba ban ƙara ba. Ya tambaye ni ko gidan sauron da muka gwada tsoho ne mai huji. Na ce daga leda na ciro shi da hannuna. Ya tambaya ko sauron na garin nan ne tabbas. Na ce mahaifiyarka ce ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya a cikin rafi, kwana da kwanaki, a tsakiyar rana.

Ita kuwa ta koma ta zauna ta ci gaba da ɓara, gyaɗar tana zubewa gefe. Sai Yohana ya jingina laujen da jikin mangwaro, ya tako ya durƙusa a gabanta, ya jawo ƙwaryar wajensa.

"Mama," ya ce, "kawo in taya ki."